Kina Tauna da Gefen Hagu

Laraba. Bayan asuba: ban ruwan dashen mangwaro, layi huɗu. An yi.

Zuwa ga ɗiyata Uwani,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah Ya kai ki Damagaram lafiya, Ya tsare motar da za ki shiga gobe da wanda zai tuƙa ta, Ya haɗa ki da abokan zama na kirki a makarantar malamai, Ya kuma maido mana ke da ƙafafunki. Amin.

Kada layin da ke sama ya ba ki mamaki. A kayen aikina nake rubuta miki, ɗan littafin rubutun nan wanda kika saba gani a aljihun rigata. Na gwada farar takarda sau biyu, hannuna ya ƙi tafiya. In na gama zan yage shafukan in ba ƙanwata, Goggonki Hajo, ta tura miki su ƙarƙashin kaya. Ina so ki karanta bayan mota ta wuce Tasawa, lokacin da ba za ki iya juyowa ki dube ni ba.

Kin san dalili. Ke ce 'yar fari, kuma sunan mahaifiyata kika ci. Shekara goma sha tara muna gida ɗaya ban taɓa kiran sunanki na yanka ba. Ko wannan Uwanin, a takarda kawai nake iya shi. In ina son ruwa sai in dubi bango in ce a kawo ruwa, ke kuma ki kawo ki ajiye ki juya. Haka mahaifina ya yi da ni har ya koma ga Allah. Ban ce kunyar nan banza ce ba, a cikinta na girma. Amma ga shi ta hana ni yi miki tambayar da kowane baƙo a mota zai iya yi miki.

Yau kwana goma sha bakwai kina tauna da gefen hagu kaɗai. Na fara lura ranar da Hajo ta soya kifi karfasa. Kin bar ƙuli-ƙuli, ke da kike ɓoye shi a jakar lakwal tun kina ƙaramar 'yar makaranta. Ruwan randa sai kin zuba a kofi kin ajiye a rana kafin ki sha. Shekaranjiya kina tsince wake kika dafe kuncinki na dama kika rufe ido, kina zaton ba mai ganinki, ni kuwa ina bayan danga ina ɗaure dashe. Na aiki Hajo ta tambaye ki. Ta dawo ta ce, "Yaya, ta ce ba komai." Uwani, na taɓa jin wannan "ba komai" a gidan nan daga bakin mahaifiyarki, kuma na yarda da shi wata takwas.

Kina da shekara goma sha biyu a lokacin. An ce miki ciwon wuya ne. Ba a wuya ya fara ba.

Da kaka ya fara, irin wannan lokaci, ana yankan gero. Na dawo daga lambu da hantsi na tarar ta ture kwanon dambu. Ta ce gefen harshenta na yi mata zafi kamar an ɗora garwashi, amma ba komai. Ni kuma na ciro kaye. Kin san ban wuce kwaleji ba, sau biyu na zauna jarrabawar birebe ban samu ba. Amma akwai abu ɗaya da na fito da shi daga ajin mushenmu, wato malaminmu na kimiyya: in abu ya lalace ba ka san dalili ba, ka jera duk abin da kake zargi, ka cire su ɗaya bayan ɗaya, kada ka cire biyu tare don kada ka kasa gane mai laifin. Da haka nake gano abin da ke kashe mini dashe, ko ruwa ne ya yi yawa, ko gara, ko taki. A lambu yana aiki. Sai na ja layi na jera: barkono, goro, shayi mai zafi, asuwaki, ƙayar kifi, haƙori. Kowane na ba shi mako biyu.

Ta yi dariya, hannunta a kunci. Mushe take ce mini in tana son tsokana. Ta ce, "Mushe, in ka gama rubuta ni ka karanta mini in ji ko na warke." Na ce ta bari a bi abu daki-daki. Ta ce, "To. Yau wa aka kora daga aji, barkono ko goro?"

Aka kori barkono, gida duka muka ci miya lami mako biyu, ke ce ma kika fi kowa ƙorafi. Aka kori goro. Ta bar asuwakin bedi, wato dogonyaro, ta koma wani. Kowace safiya in tambaye ta in rubuta: ya ragu, bai ragu ba, ya ragu kaɗan. Yanzu in na buɗe kayen waccan shekara, "ya ragu kaɗan" ya fi yawa, kuma na san don ni take faɗa, ta ga na ƙosa in sami abin rubutawa. Wata uku suka tafi a haka, ga gidan likita nan, nisansa bai kai daga ƙofarmu zuwa bakin tabki ba.

Bakinki ba lambu ba ne, ɗiyata. Dashe in ya mutu wajen gwaji ina da ɗari a bayansa. Ciwon cikin baki da ya wuce mako biyu bai tafi ba ya fita daga hannun mai shi, ya koma hannun wanda ya karanci abin. Ke kin riga kin wuce da kwana uku.

Da layi ya zo kan haƙori sai na yi abin da ya fi muni. Ranar kasuwa akwai wani baƙo mai cire haƙori, ya shimfiɗa buhu, ya jera haƙoran da ya cire a faranti kamar mai tallan gujiya. Na yi masa bayani. Ya ce, "Alhaji, kawo ta. Tsutsa ce. Ko ba a gan ta ba tana ciki." Ban je Makka ba, amma na ji daɗin sunan, na koma gida na zo da ita. Ta gaya masa a harshe take jin zafin, ba a haƙori ba. Ya ce, "Hajiya, ni na fi ki sanin bakinki, shekara talatin ina cikin bakunan mutane." Ya sa awartaki ya fizge haƙorin ƙarshe na dama. Ya ɗora mini a tafin hannu: fari tas, ba rami, ba tsaga. A nan take na san mun yi ɓarna, kuma na yi masa godiya. Kwana uku tana tofar da jini. Ta wanke haƙorin ta ajiye a kwalla. Ta ce, "Mushe, ga ɗalibinka, an kore shi ba laifin komai."

Ban tsaya nan ba. Wani maƙwabcin lambu ya ce in daka asfirin in ɗora mata a wurin. Na yi. Naman ya ƙone ya yi fari. Daga ranar duk farin da za a gani a bakinta ina da amsarsa a aljihu: asfirin ne.

Kada ki bari kowa ya cire, ya tsaga ko ya ƙona abin da ba a duba ba, ko wanzami ne, ko mai awartaki, ko ƙawa mai kyakkyawar niyya. Za a ce ki ɗiga ruwan batir, za a ce fetur. Kada ki yarda. Ƙwayar magani haɗiye ta ake yi, ba a kwantar da ita a dasashi. Kanumfari da ruwan gishiri mai ɗumi ba su da laifi, suna sassauta zafi. Sai dai ki sani, zafin kawai suke rufe wa baki, abin da ya kawo shi yana nan.

Goggonki ta ce sammu ne, ta hau amalanke har ƙauyen Safo ta karɓo rubutu wurin wani malami. Ban ga laifinta ba. Mahaifiyarki ta sha, hankalinta ya kwanta, kuma Hajo dai ƙafa ta sa ta nemo, ni alƙalami na sa. Ki yi addu'a, ki sha rubutu in an ba ki, ki kuma je likita a rana ɗaya. Ɗaya ba ya jiran ɗaya. Hajon ce ma ta tsare ni wata la'asar a zaure ta ce, "Yaya, kana ta rubutu kamar mai ƙidayar jama'a. Ka taɓa cewa ta buɗe bakin ka leƙa kuwa?" Na ce mata ta shiga harkarta.

Gaskiyar ita ce na leƙa. Sau ɗaya, a wata na biyar, da rana a bakin ƙofar ɗaki, da fitilar salula. Gyambo ne a gefen harshe, girman ƙwayar wake, bakinsa ya tashi ya yi tauri, fari da ja a gauraye. Ta ce, "Me ka gani?" Na ce ba komai. Na fita na rubuta: gyambo, dama, kamar wake, wataƙila asfirin. Na rufe kaye, na ji kamar na yi wani abu. Wannan ce cutata, kuma ina tsoron kin gaje ta, don na ga yadda kike jera littattafanki. In abu ya ba ni tsoro sai in tsara shi da kyau in ajiye. Ke in abu ya ba ki tsoro ki faɗa wa mutum, da baki, a ranar.

A wata na takwas fura ma ta fara gagararta, kaluluwa ta fito ƙarƙashin muƙamuƙi. Hajo ba ta nemi izinina ba, ta yafa mata mayafi ta kama hannunta, ni na bi su a baya. Majo na lokacin, wato babban malamin jinya na gidan likitan nan, dattijo ne ɗan Maraɗi mai sanyin magana. Ya sa safar hannu ya taɓa wurin, ya lalubi wuyanta, ya ce tun yaushe. Na miƙa masa kaye. Ina jin kunyar faɗa miki, amma da ɗan alfahari na miƙa. Ya karanta shafi bayan shafi. Da ya gama ya maido mini da hannu biyu ya ce, "Malam Lawali, ban taɓa ganin ciwon da aka rubuta da kyau haka ba. Da ka kawo mini ita a shafi na biyu."

Ya ba mu takarda zuwa Maraɗi. A can lokotoro, wato babban likita, ya yanki ɗan nama aka aika bincike. Amma kafin nan ya yi tambaya ɗaya. Ya ce, "Tana sa taba a baki?" Mahaifiyarki ta dube ni. Ta ce a'a. Ni na dubi ƙasa. Ya ɗaga leɓenta a hankali, ya ga launin wurin, bai ƙaryata ta ba, ya yi rubutunsa. A mota muna dawowa, mun kusa gida, ta matso ta ce da muryar da ta rage mata, "Mushe, ita kaɗai ce ba ka kora daga aji ba."

Ga abin da ba wanda ya sani, har Hajo. Tun ina kwaleji nake sa garin taba da kanwa a kunci, wajen masunta na koya a bakin tabki. Lokacin da take da cikinki haƙori ya dame ta, na kuma ji an ce mai ciki ba ta shan magani barkatai. Sai na buɗe battata na ɗibar mata kaɗan, na ce ta danna a kuncin dama. Zafin ya lafa. Washegari ta sake nema. Shekara goma sha uku ke nan tana sawa a ɓoye, battarta na cikin kwalla ta uku a jeren ɗakinta, ni nake sayowa mu biyu. Ranar da na ja layi na jera barkono da goro, na san da ita. Ban rubuta ba. Na ce wa kaina kaye yana yawo a gida, kada wani ya karanta cewa matar Lawali na cin taba. Wannan rabin dalilin ne. Ɗaya rabin, in na rubuta taba sai na rubuta wanda ya ba ta.

Sakamako ya zo, ciwon daji ne. Aka ce a kai ta babban asibitin Yamai, muka je, muka dawo. Na tambayi lokotoro ko tabar ce. Ya ce ba zai rantse ba, akwai masu samunsa ba su taɓa ganin batta ba, amma inda take dannawa nan ya fito. Shekara bakwai ina ɗauke da maganganun nan biyu, wata rana in jingina da ta farko, mafi yawan ranaku ta biyun ce ke tashina. Sauran kin gani da idonki. Mai tsokanar nan ta koma nuni da hannu, ta rasu da farkon damina. Allah Ya jiƙanta, Ya yafe mini.

Saboda haka in likita ya tambaye ki abu, ki faɗi gaskiya ko da mai kunya ce, ya ji wadda ta fi taki. Kuma kada taba ta shiga bakinki ta kowace siffa, ko gari, ko hayaƙi, ko da sunan magani aka miƙo miki, ko da mai sonki ne ya miƙo.

Ban rubuta wannan don in tsorata ki ba, ko da yake na san na tsorata ki. Bayan sadakar arba'in na koma wurin majo na ce ya gaya mini duk abin da ke sa baki ciwo ba a ga dalili ba. Ya ce mafi yawansu ƙanana ne, kuma suna da magani. Rami a haƙori da ido ba ya gani, wanda sanyi da zaƙi ke tayarwa. Dasashi mai kumburi. Haƙori mai kaifi da ke goge harshe. Ƙananan gyambuna masu zuwa da gajiya ko fargabar jarrabawa, su tafi da kansu cikin kwana goma. Ya ce akwai mai cije haƙora cikin barci ya tashi muƙamuƙi na ciwo bai san ya yi ba. Akwai wanda ciwon a hanci ko kunne yake, ya sauko masa a haƙori. Ƙarancin jini, wanda ya fi kama 'yan mata, yana sa harshe ya yi sumul yana raɗaɗi. Farin abu kamar kindirmo a harshe wani lokaci ciwon suga ne ke aiko shi. Wani kuma jijiya ce, ba a ganin komai ko an haska. Na ce ta yaya mutum zai bambance? Ya ce, "Ba zai bambance ba, Malam. Shi ya sa aka ajiye ni a nan."

A shekarunki, ya ce, akwai haƙoran can ƙarshe da ke fitowa bayan an girma, su tsaga dasashi su hana tauna. Ina zaton naki shi ne, ganin gefe ɗaya ne kuma... Kin gani? Na fara kuma. Zatona ba shi da amfani. Na so in soke layin nan, amma na bar shi don ki ga yadda abin yake kama mutum.

Abin da nake roƙo: makon da kika isa, kafin ki san hanyar kasuwa, ki tambayi inda ake duba haƙori ki je. Ki tafi da ƙawa in kina jin nauyi. Ki buɗe bakin sosai, ki ce kwana nawa, kada ki rage.

Saura abu ɗaya, shi ne ya sa farar takarda ta ƙi ni. Ban bar tabar ba. Na bari wata biyu bayan rasuwarta, na koma. Kuma yau kwana ashirin da shida akwai wani wuri a cikin kuncina na hagu, ba ya zafi sosai, harshena ne ke komawa kansa kullum. Ban haska ba. Kowace yamma in na jera aikin gobe ina sa "majo" a ƙarshen layi, kowace rana kuma aiki na ƙarewa kafin a kai gare shi, sai in ɗauke shi zuwa shafi na gaba. Sau ashirin da shida. In kin ga ban iya tambayarki ba, ba kunyar ɗan fari ce kaɗai ba. Ina tsoron ki ce, kai fa?

To, ki ce. Na ɗauke miki wannan kunyar, ni ma zan yi ƙoƙari in ɗauke wa kaina. In kin je an duba ki, kada ki kira Hajo ta faɗa mini. Ki kira lambata, ni da kaina. Ki gaya mini abin da aka ce, sannan ki ce, "Baba, kai ka je?" Na iya yi wa kaye ƙarya, na yi wa Hajo, na yi wa mahaifiyarki a bakin ƙofa. Ban taɓa yi miki ba, don ban taɓa yi miki magana ba. Ina so in ga ko zan iya farawa da gaskiya.

Allah Ya tsare ki a hanya da masauki. Ya ba ki lafiyar jiki da hasken karatu, Ya sa abin da ke bakinki ƙarami ne, Ya raba ki da halina na jinkiri, Ya bar miki dariyar mahaifiyarki. Ki riƙe salla. Ƙannenki da Goggonki za su yi kewarki, gidan zai yi faɗi. Na yafe miki duk abin da kike zaton kin yi mini, ke ma ki yafe mini. Wassalam.

Mahaifinki,
Lawali

Alhamis, in Allah Ya kai mu:

Kai jakar Uwani tasha. In ce mata sauka lafiya da bakina, ba ta bakin Hajo ba.
Majo. Kafin ban ruwa, ba bayansa ba.
Ban ruwan dashe, ko rana ta yi.
Gyaran dangar gabas, awaki sun sake shiga.
Dashen gwaba bakwai da ganyensu ya yi rawaya, ban san dalili ba.
Batta. Ban yanke inda zan jefa ta ba. Tana aljihu.